'Yar Tayar Maus da Haddar Kawuna

Ni ne ban kyauta ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya karanta rabi ya fara nema mini uzuri. Duk uzurin da ake iya nema na riga na nema wa kaina a lokacin, kuma babu wanda ya amfane ni.

Shekarun baya, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ina aiki a wani ɗan shagon buga takardu a Gwarzo. Shagon na abokina ne. Tare muka yi firamare, shi ya wuce birni ya karanci kwamfuta, ni kuwa a sakandare na tsaya, ita ma da ƙyar na kai ƙarshenta. Zamani ne na matsi. Fetur sai an bi layi, albashi ba ya kai ma'aikaci tsakiyar wata, wuta kuwa in ta zo da rana sai mu yi ta murna kamar an yi mana haihuwa. Duk da haka shagonmu bai rasa mutane ba, saboda a lokacin kowa ya tashi da son karatun addini. Wannan ya kawo takardar wa'azi a buga masa, wancan sanarwar Islamiyya, wani kuma ya zo ne kawai ya sha iskar fanka ya yi musu a kan hukuncin wani abu.

Abin da abokina ya koya mini bai wuce buga rubutu ba, da tayar da janareto, da zaro takarda idan ta maƙale a firinta. Amma da yake ni ke zaune gaban kwamfutar yini guda, sai mutanen gari suka fara kira na Injiniya. Ban taɓa ce wa kowa ni ba injiniya ba ne. Har tafiyata sai da ta sauya.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, alaramma ne a Garo, can ƙasar Kabo. Tun kafin a haife ni shi ke jan baki a tafsirin azumi na masallacinsu, wato shi ke karanto aya da ka, malamin tafsiri ya fassara wa jama'a. Da girma ya zo, sai yanar ido ta rufe masa gani. Yana ganin mutum kamar inuwa, yana iya kai kansa masallaci, amma rubutu ya gagare shi. Haddarsa tana nan daram, sai dai kullum yana cewa yana kewar baƙaƙen. Ya ce karatu da ka daban, kallon Alƙur'ani kuma ibada ce mai zaman kanta, ita ce aka ɗauke masa.

Akwai wani abu kuma da dangi ba sa son ambata. Babban yayansu, kafin rasuwarsa, ruɗewar tsufa ta kama shi. An taɓa tsintar shi a kasuwar Durun, yana tsaye yana tambayar mutane wanda ya kawo shi. Kawuna ne ya je ya taho da shi gida. Tun daga ranar, in ji mahaifiyata, ba ya addu'a ya shafa bai roƙi Allah ya karɓi ransa da hankalinsa a jikinsa ba.

Wata rana wani alhaji ya kawo wa abokina tsarabar faifan sidi daga Makka, da rubutun Alƙur'ani a ciki. Da na ba shi labarin idon kawuna, sai ya zauna ya haɗa wata 'yar manhaja da ke fito da rubutun manya-manya, baƙi wuluk a kan fari. Girman baƙaƙen ya sa layi uku ne kawai ke cika fuskar kwamfutar. Da gangan ya yi hakan. A tsakiyar maus, ɗan abin nan da ake dafawa da hannu ana sarrafa kwamfuta, akwai wata 'yar taya da ake murzawa da yatsa, in ka murza za ka ji ta yi ƙas, ta tsaya. A ko'ina, ƙas ɗaya layi uku take ja. Ke nan mai karatu in ya gama abin da ke gabansa, ƙas ɗaya zai yi, layi uku na gaba su fito, babu ragi babu ƙari.

Ranar da na fara kawo Kawu shagon ba zan manta da ita ba. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmi. Na ce, “Kawu, ai shago ne, shigo da abinka.”

Ya ce, “Ba ka ce Alƙur'ani na ciki ba? Kawo mini buta ma tukuna.”

Sai da ya yi alwala sannan ya zauna. Abokina ya kunna. Kawu ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Can na ga leɓensa na motsi. Ya ɗaga yatsa ya bi wani harafi a kan gilashin, daga sama zuwa ƙasa, a hankali, kamar mai shafa fuskar ɗan da ya daɗe a tafiya. Ya ce, “Ikon Allah. Ga su nan. Rubutun ƙasar Larabawa ne, ba irin namu na allo ba, amma su ne. Ashe zan sake ganin ku.”

Duk surutun shagon ya mutu. Wani mai kawo takardar ɗaurin aure ya manta abin da ya kawo shi, ya tsuguna a gefe yana kallo.

Abokina ya ɗora hannun Kawu a kan maus, ya nuna masa tayar. Kawu ya murza, ta yi ƙas. Ya sake. Ya yi dariya ya ce, “To, ai carbi ne. Bature ya yi carbi bai sani ba.”

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya hau mota daga Garo ya zo. In akwai wuta ya zauna ya yi abin da ya samu, in babu abokina ya tayar masa da janareto, bai taɓa yarda an yi masa maganar mai ba. Hannun Kawu yana ɗan rawa, don haka wani lokaci in ya so ƙas ɗaya sai biyu su kuɓuce masa a jere. Wannan bai dame shi ba. Yatsarsa ta ji biyu, sai ya dawo da ɗaya baya, ya sauka daidai inda ya kamata. Ko ɗaga kai ba ya yi.

Ni kuwa wata damuwa ce daban a raina. Samarin da ke zuwa musu sukan ce, “Injiniya, nemo mana aya kaza.” Sai in yi ta murza taya, ƙas, ƙas, ƙas, har yatsa ta gaji ban isa ba, su kuma suna tsaye a kaina suna cewa da littafi ne da tuni an buɗo. Abin yana ƙona mini rai. Na ce wa abokina, “Mutumina, ba za ka sa tayar nan ta riƙa gudu ba? In mutum ya murza da sauri, ita ma ta gane sauri yake, ta tsallake shafuka.”

Ya ce, “Na gwada. Yana nan a ciki ma, kashe shi na yi.”

“Don me?”

“Don tayar ba tawa ba ce. Duk inda mutum ya kama maus, ƙas ɗaya layi uku ne. Hannunsa ya saba, ba ya ma tunani a kai. In na sauya a ɓoye, hannun zai yi abin da ya sani, ita kuma ta yi wani abu daban. Wa zai zarga?”

Na ce, “Ai manhajarka ce. Kai ka haɗa abinka, sai yadda ka so.”

Ya ce, “Manhajar ce tawa, yatsar ta mai karatu ce. In tsalle kake so, bari in samu lokaci in sa maka maɓalli a fili, a rubuta a jikinsa, wanda ya danna ya san ya danna. Amma tayar nan ka ƙyale ta. Ka ji ko, Injiniya?”

Yadda ya ja sunan nan ya ba ni haushi. Na ce a raina, boko ne kawai ke sa shi tsoro.

Ba a daɗe ba ya tafi wani kwas Kaduna, ya bar mini shago. Na riga na ga inda yake shiga in zai gyara manhajar. Na bi sawunsa, na tarar da wurin, na kunna. Ban taɓa jin na isa ba kamar ranar. In ka murza a hankali, komai yana nan yadda yake. In ka yi ƙas biyu a jere da sauri, sai rubutu ya tashi kamar tsuntsu, ya dire can gaba. Samari suka zo, na murza da sauri, fuu, ga ayar da suke nema. Wani ya ce, “Kai, Injiniya, mai shagon ma bai kai ka ba.” Na ce, “A'a haba,” ina murmushi.

Ko sau ɗaya rawar hannun Kawu ba ta faɗo mini a rai ba.

Ranar kasuwa ya zo kamar kullum, ya yi alwala, ya zauna. Ina gefe ina buga wa wani takarda da hannu a keken rubutu, shagon cike da mutane. Karatu na tafiya, ƙas, karatu na tafiya. Can sai na ji muryarsa ta tsaya a tsakiyar numfashi. Na waiga. Ya kafa wa gilashin ido. Abin da ya faru shi ne, biyu sun kuɓuce masa kamar yadda suka saba, ya dawo da ɗaya baya kamar yadda ya saba, amma biyun nan sun riga sun jefa shi shafuka gaba, ɗayan kuma layi uku kawai ya dawo da shi. Ayar da ke gabansa ya san ta sarai. Ya kuma san tsakaninta da inda yake akwai tafiya mai nisa. Abin da bai sani ba shi ne yadda aka yi ya iso.

Ya kira ni a hankali. “Injiniya.”

“Na'am, Kawu.”

“An taɓa wani abu a jikin abin nan?”

Ban gama fahimtar yadda abin ya faru ba a lokacin, amma na san abu ɗaya ne aka taɓa, kuma na san wanda ya taɓa. Ga mutane a zaune, cikinsu har da wanda ya ce na fi mai shago. Ga kuma maganar abokina da na take. Sai na ji bakina yana cewa, “A'a, Kawu. Yadda ka bar ta haka take. Ai na'ura ba ta mantuwa.”

Ya mayar da fuskarsa ga gilashin. Sannan ya ce, “Haka ne. Ita ba ta mantuwa.”

Ya ci gaba da karatu daga inda ya tsinci kansa, amma muryar ta sauka. Kafin azahar abin ya sake faruwa. Wannan karon bai kira ni ba. Ya ɗauke hannunsa daga maus, ya ɗora a cinya, ya zauna haka nan.

Wani zai ce, to me ya hana ka kashe abin da ya tafi? Na yi niyya. Amma washegari samarin suka dawo, aka sake yi mini kirari, sai na ce wa kaina tsoho ne, zai saba, kowa ma da haka yake koyon sabon abu. Ya sake zuwa, ya sake zuwa. Kowane zuwa karatun na gajarcewa. Daga nan ranar kasuwa ta zo babu Kawu. Wata ta zo, babu shi. Na ce ko kuɗin mota ne, da yake an ƙara wa mai kuɗi a lokacin.

Azumi ya matso, mahaifiyata ta je Garo dubiya ta dawo. Na shiga gaishe ta na tarar ta zauna ta yi tagumi, ko mayafi ba ta cire ba.

Na ce, “Inna, lafiya? Yaya kuka baro su?”

Ta ce, “Kawunka ya ajiye jan baki.”

Na ce, “Ya ajiye? Saboda me?”

“Ya kira wani ɗalibinsa ya ba shi. Ya tara 'ya'yansa ya ce kada a ƙara barin shi ya fita shi kaɗai, ko masallaci ne a raka shi. Ya ce ciwon Yaya ne ya zo masa.” Ta share ido da bakin mayafi. “Wai yana cikin karatu sai ya tsinci kansa a wani wuri can gaba, bai san ya wuce na tsakani ba. Ya ce haka na Yaya ya fara, da tsintar kai a inda ba ka san ka je ba. Ya ce gara ya sauka da kansa, da ya tsallake ayar Allah a gaban jama'a.”

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Na wuce shago kai tsaye na kashe abin. Ko minti bai ɗauke ni ba. Na zauna ina murza tayar, ƙas, ƙas, tana tafiya yadda take tun farko, kamar ba a taɓa yi mata komai ba. Na aika wa Kawu cewa ya zo, kwamfuta na gaishe shi. Ya aiko da cewa yana amsawa, amma ya daina doguwar tafiya.

Da abokina ya dawo na gaya masa komai. Na zaci zai yi faɗa, ko ya kore ni. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, “Ka kashe, na ji. Shi kuma can a Garo ya san ka kashe? Ya ma san ka kunna?”

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, “Gobe ba za mu buɗe shago ba. Nemo mota.”

Haka muka ɗora kwamfuta da janareto a bayan a-kori-kura, na rungume fuskar kwamfutar a cinya saboda ramukan hanya, har Garo. Muka tarar da Kawu a zaure, a kan buzunsa, wani jikansa na zaune a bakin ƙofa yana gadinsa. Ya rame. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi kasuwa, ya tambayi hanya. Da ya ji ana sauke kaya ya ce, “Me kuka kwaso haka?”

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Abokina ya dube ni, yana jira. Na buɗe baki na ce, “Kawu, mun gano wata matsala ce ta shiga kwamfutar. Ita ke tsalle da kai. Mun zo mu nuna maka.”

Abokina ya kawar da kai, ya fita ya tayar da janareto.

Kawu ya yi murmushi irin na wanda ake lallashi. Ya ce, “Allah ya yi muku albarka. Haka muka riƙa ce wa Yaya, hanya ce ta sauya.”

Abokina ya dawo ya ce, “Baba, ba lallashi ba ne. Kawo hannunka.” Ya sake kunna gudun nan, ya ɗora yatsar Kawu a kan tayar. “Karanta abin da ke gabanka. Yauwa. To yi biyu da sauri, da gangan, ka dawo da ɗaya. Ina ya kamata ka sauka?”

Kawu ya faɗi ayar da ke biye, tun bai duba ba. Sannan ya matsa ya duba. Ba ita ba ce. Ya ja da baya. Ya ce, “Mayar da ni.” Aka mayar. Ya sake yi, a farke, da saninsa, yana jin kowane ƙas a yatsarsa. Ta sake jefa shi gaba. Ya sake. Sai na ga hannunsa ya bar rawar da ya saba ya kama wata daban.

Ya ce, “Kashe mata wannan haukar.” Aka kashe. Ya dube ni. “Kai, koma inda na tsaya. Ka bi ni da ido, kada ka rage mini ko wasali.”

Ya juya wa kwamfutar baya, ya fuskanci bango, ya fara.

Na sha jin karatun Kawu tun ina yaro, amma ban taɓa bin sa da ido a kan rubutu ba. Yana karantawa ina murza taya, baƙaƙen na fitowa daidai lokacin da suke fita daga bakinsa, kamar muryarsa ce ke rubuta su a kan gilashin. Inda aka ja, ya ja. Inda aka tsaya, ya tsaya. Ya cike duk ramin da tsallen ya bari, ya wuce. Sai ya ce, “Yanzu jefa ni inda ka ga dama.” Na murza na yi nisa, na karanta masa kalma biyu na farkon layi, da irin karatuna na ɗan boko. Ya gyara mini furucin tukuna. Sannan ya ce kalmomin nan biyu sun zo tare a wurare da dama, ya jero su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da ke bin sa, ya ce, “Wanne ne a gabanka?” Na faɗa. Ya ce, “To in gaya maka na bayanta.” Ya karanto ayar da ta gabace ta, da wadda ta gabaci wannan, yana komawa baya aya-aya, ni kuma ina murza tayar sama, kowacce na fitowa a inda ya ce.

Ƙarar janareto ta jawo maƙwabta, zaure ya cika har waje, babu mai ko tari. Ni da nake taƙama na iya tsallake shafuka da yatsa ɗaya, ga mutum a gabana da littafin gaba ɗaya a shimfiɗe cikin ƙirjinsa, yana shiga ta inda ya so, gaba ko baya, idonsa a bango. Wannan ne na ce wa na'ura ba ta mantuwa.

Da ya tsaya, hawaye ya jiƙa masa gemu. Ya yi sujada a nan kan buzun. Ya ɗago yana dariya, ya ce wa jikan nan nasa, “Tashi ka tafi wasanka, an sallame ka daga gadi.” Sannan ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce, “Injiniya, kai ka gano wannan? Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka 'ya'ya masu jin ƙanka kamar yadda ka ji ƙaina.” Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin.

Babban ɗansa ya ce, “To Baba, sai a gaya wa malam ka dawo kan jan bakinka.”

Kawu ya girgiza kai. Ya ce, “Na riga na ba yaron nan. Ya gaya wa iyayensa, an ce har riga ya ɗinka. Ban ba shi don in karɓe ba. Bana tasa ce.”

Muka koma Gwarzo. Sai da muka sauke kaya abokina ya ce mini, “Sannu da aiki, mai gano matsala.” Ya shige ciki.

Har yau da kwamfuta nake cin abinci, kuma har yau ra'ayina bai sauya ba. Duk lokacin da na buɗe wani shafi ko wata manhaja na murza taya ta zame mini, ko ta yi nauyi, ko ta yi wani abu da ban sa ta ba, sai in tuna zauren nan. Na san wanda ya haɗa ta yana can yana jin ya yi gwaninta, kamar yadda na ji. Ba ya ganin hannun da zai kama ta. Mai ƙarfin hali zai ce manhajar nan ba ta da kyau, ya rufe. Amma akwai wanda kansa zai fara zargi. In kana son ba mutane sauri, sa musu maɓalli a fili, kamar wanda abokina ya sa daga baya, samarin ma suka fi jin daɗinsa. Abin da hannu ya riga ya saba da shi kuwa, ka bar wa mai hannun.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba wannan ba ne. Mutumin da ke ɗauke da irin abin da na gani a ƙirjinsa, da aka ce ya zaɓa tsakanin haddarsa da maganar ɗan ƙanwarsa, sai ya gaskata ni. Bai taɓa kawo wa ransa cewa zan dubi idonsa in yi masa ƙarya ba. Ya yafe mini, in faɗa muku tun yanzu, kuma shekarar da ta biyo ya koma kan jan bakinsa, bai sake sauka ba har Allah ya karɓi abinsa, da hankalinsa a jikinsa kamar yadda ya roƙa. Amma azumin wannan shekarar ni na raba shi da shi, kuma ba a mayar da azumin da ya wuce.

Ranar farko ta tafsirin wannan azumin na je Garo. Bayan la'asar aka zauna. Ɗalibin nan yana gaba kusa da malam, cikin sabuwar rigarsa, gumi na keto masa. Kawu yana cikin sahu tare da sauran jama'a, a wurin da bai taɓa zama ba tun ina yaro. Ina kallon leɓensa, yana bin kowace aya ba sauti. A wani wuri yaron ya sarƙe, ya maimaita, ya sake sarƙewa. Masallaci gaba ɗaya aka juyo ana duban Kawu. Bai ɗaga kai ba. Ya faɗi kalma ɗaya can ƙasa-ƙasa, daidai yadda yaron zai ji, yaron ya kama ya wuce.

Da aka tashi na riƙe masa takalmi, na raka shi gida. Ana ta shirin buɗa-baki, ƙamshin ƙosai ya cika layin. Ya zauna a kan buzunsa yana cewa yaron ya yi ƙoƙari, muryarsa ma ta fi tasa daɗi. Ya ce in zauna a kawo kunu. Ban zauna ba. Na durƙusa a gabansa, na cire hulata na ajiye a ƙasa.

Ya ce, “Injiniya, lafiya?”

Na ce, “Kawu, ni ba injiniya ba ne. Kuma babu wata matsala da ta shiga kwamfutar nan. Ni na kunna abin da hannuna, bayan an hana ni, don a yabe ni. Ranar da ka tambaye ni ko an taɓa ta, na san an taɓa, na ce maka a'a. Na bar ka ka tafi gida da tsoron da ka fi tsoro a duniya. Da muka zo nan ma ban faɗi gaskiya ba, ka sa mini albarka na karɓa, alhali ba tawa ba ce. Wurin zamanka na yau ni na jawo maka shi. Haddarka ba ta taɓa motsawa ba, Kawu, ni ne na yi ƙarya. Don girman abin da ke ƙirjinka, ka yafe mini.”